Damben Takarda

Sahabi, aje wayar nan, zauna bisa turmi.
Nama ya ƙare, ƙudaje sun watse,
Kasuwar Daji ta fara hamma.
Ka ce kana son labarin faɗa?
To ni da na ɗaura zare shekara goma sha ɗaya,
yau wurin takarda zan aike ka.

Je Ƙofar Marke, bayan mai gyaran rediyo,
akwai rumfar Malami Cika, mai tabarau ɗaure da waya.
Littattafan zane jibge cikin kwalin sabulu,
naira ɗari kwana uku,
in ka ɗiga masa miya, ɗari biyu da harara.

Fara da Zaren Hagu.
Wani ɗan Kware ya zana shi da biro,
labarin bahago, ɗan mahauta,
da aka kashe sau bakwai a fage
kafin ya gane ƙafa ke dambe, hannu ɗan aike ne.
Shafi na ashirin, dubi yadda ya dasa diddige.
Ban san mai zanen ba,
amma na rantse bakinsa ya taɓa cin ƙasa.
Har kalangu ya zana, igiya igiya,
sai da na ji kafaɗata ta motsa
ni kaɗai, ina zaune.

In ka gama, ce ya ba ka na mutanen gabas mai nisa,
wanda ake buɗewa ta dama kamar ajami.
Yarinya ce. Jikata Kulu ta raɗa mata 'Yar Gora,
don sunanta ya fi ƙarfin harshenmu.
Shekara uku tana hawan dutse da tulu,
malaminta bai koya mata bugu ko ɗaya ba.
Na ce wannan zalunci ne.
Sai na tuna tsohon da ya raine ni a Dundaye,
wata tara ina wanke masa tumbi a bakin Rima
kafin ya kalli hannuna sau ɗaya
ya ce, "Kawo."

Akwai kuma na masu safar hannu,
cikin igiya, da ƙararrawa, da alƙali mai farar riga.
Da fari na raina shi.
Mutum ya naɗe hannu da matashi ya ce dambe yake?
Amma a littafi na shida, da aka sami jarumin a haɓa,
mai zanen ya bar shafi biyu fari fat,
babu komai
sai ɗigon gumi ɗaya can ƙasa.

Sahabi, haka abin yake.
Ranar da Ɗan Ige ya same ni a Gwadabawa
ban ji ganga ba, ban ji ihu ba,
farin nan na gani.
Shekara talatin ina neman yadda zan faɗe shi,
sai ga baƙon da bai san Sakkwato ba
ya faɗa mini da takarda wofi.

Kar ka ɓata kuɗinka kan mai huro wuta daga tafi,
mai rusa gari da tsawa, ko ƙwarzane babu.
Wanda bai taɓa faɗuwa ba ba shi da labari,
kirari kawai gare shi.

Ni boko ya wuce ni.
Kulu ke karanta abin da ke bakinsu,
ni in karanta mata ƙafafunsu,
kuma sau da yawa ni ke riga ta sanin mai faɗuwa.

Dubi hannun nan, ya daina dunƙulewa tun bara waccan,
amma yana juya shafi sarai.

Tashi, kafin Malami ya rufe.
In ka ga littafi na bakwai, riƙo mini.
In kuwa ka riga ni karantawa,
wallahi kame bakinka.